Yadda Yaya Take Sauraron 'Ya'yanta

Ɗakin gugar Yaya yana ƙasan benen da suke haya, tsakanin shagon tela da ƙofar shiga. Tsukuku ne, tebur mai faɗi ya cinye rabinsa, an shimfiɗa masa tsohon bargo da farin ƙyalle a sama. Ta hagu kayan da ba a taɓa ba ne, a ƙunshe cikin zannuwa, ta dama kuma waɗanda aka gama, wasu a ninke wasu a rataye. A bangon da take fuskanta akwai babban madubi, wanda baƙo zai ɗauka na kwalliya ne. Da shi take ganin wanda ya shigo ta bayanta, domin Yaya ba ta ji. Ko za ka yi sallama har muryarka ta dishe, ba za ta juyo ba sai ta hango ka.

Tana magana da kyau, don sai da ta yi wayo kunnen ya tafi. Abu ɗaya ne, ba ta san ƙarfin muryarta ba. In ta jawo ni gefe za ta gaya mini sirri, to tela da masu jiran ɗinki duk sun ji. Akwai ranar da ta raɗa mini cewa wani mai kawo guga rigarsa ta fi shi tsafta, alhali mutumin yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran rigar. Bai daina kawowa ba, don duk layin babu mai fitar da karin wando kamarta.

Ni ƙanwarta ce. Auta take kirana, har yanzu da nake da 'ya'yana.

Tana aji uku a firamare ciwon ya same ta. Ni lokacin ina goye, Inna ce ta ba ni labari. Ta dawo daga makaranta da zazzaɓi da ciwon kai, aka sayo mata magani a kemis, aka ce zazzaɓin da aka saba ne. Washegari ta ce a rufe taga, haske yana sukan idonta. In an ce ta sunkuya ta sha ruwa sai ta yi ƙara, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Inna ta ce a tafi asibiti, Baba ya ce a bari maganin ya yi aiki tukuna, ai ko rabi ba a sha ba. Ba mugunta ba ce, haka kowa yake yi. Sai da ta daina gane mutane aka ɗauke ta. Sanƙarau ne. Ta rayu, amma ranar da aka dawo da ita gida faranti ya suɓuce ya faɗi a bayanta, kowa ya zabura ban da ita.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu. Abin da na sani shi ne, a kan kekensa yake kai ta makarantar kurame, ya koma ya ɗauko ta, ko ana rana ko ana ruwa, har ta gama.

A can ta koyi karanta baki da maganar hannu. A gida kuma muna da namu alamun da babu su a kowace makaranta, na tashi na tarar da su kamar yadda na tarar da magana. In mutum ya fuskance ta ya yi magana a natse, tana kama mafi yawa. In ya yi sauri ko ya juya kai, sai ta dube ni in cike mata sauran.

Guga da kayan gida ta fara, sai maƙwabta suka ga yadda kayan makarantarmu suke tsayawa, suka fara kawo nasu. Ta hanyar gugar ma ta samu miji. Dutsen gugarta ne ya daina zafi, ta kai wa mai gyaran kayan wuta da ke bakin titi. Ya kwance shi, ya yi ta zuba bayani kansa a sunkuye. Ta bari ya gama, ta ce, "Malam, ɗago ka dube ni in kana magana. Ba na ji." Ya ɗago. Daga ranar dutsen nan ya riƙa lalacewa kusan kowane mako, kuma har gobe ina zargin shi ne yake barin wata waya a kwance. Da ya aske gashin bakinsa don ta riƙa ganin leɓɓansa, sai Inna ta ce lallai mutumin nan da gaske yake. Mai Gyara muke ce masa.

Ina zaune a wurinsu ina karatu ta haifi ɗanta na fari. Kwana arba'in ba su cika ba ta fara saukowa ɗakin guga da shi a cikin kwando. Abin da ya dame ta ba gajiya ba ce.

"Auta, in ya yi kuka ina guga fa? In ya shaƙe a bayana fa?"

Mai Gyara ya haɗa mata wata fitila mai walƙiya in an yi ƙara a ɗaki. Fitilar ta yi aiki har ya wuce misali. In mota ta yi hon sai ta haska, in tela ya yi atishawa sai ta haska. Yaya ta gaji ta cire ta, ta karkata madubin yadda zai riƙa nuna mata kwandon.

A lokacin ne muka san Likita. Mace ce da ta yi shekaru a sashen yara na babban asibiti, daga baya ta koma bin gidaje. A kira ta, ta zo da jakarta a wata ƙaramar mota wadda ƙofar direba ba ta buɗuwa daga waje, sai ta zagaya ta shiga ta ɗaya ɓangaren. Yaya ba ta iya kira, sai dai saƙon waya, kuma saƙon kullum iri ɗaya ne: "Likita ki zo yanzu." Ta zo saboda shaƙuwa. Ta zo saboda ƙurajen zafi. Wata rana ta zo saboda yaron ya zarce da barci, kafin ta iso ya farka yana tsotsar hannu.

A wannan zuwan ne ta ajiye jakarta a kan ƙunshin kaya, ta ja kujera, ta ce a kira ni daga sama.

"Ki gaya mata ban gaji da zuwa ba," in ji Likita. "Abin da nake tsoro daban ne. In ta saba ni take jira a kan komai, wata rana za ta zauna jirana a kan abin da ba a jira."

Na mayar wa Yaya da hannu. Ta ce, "Kowace uwa tana jin kukan ɗanta ta san irinsa. Ni da me zan gane?"

"Da ido. Ni ma yawancin abin da nake dubawa da ido nake duba shi. Yaron da yake da ƙarfin tsala ihu, galibi da sauran ƙarfi a jikinsa. Zo ki gani."

Ta ɗaga rigar jaririn. "Kalli ƙirjinsa da cikinsa, tare suke tashi, a hankali. Ki riƙa kallonsa yanzu da yake lafiya har idonki ya haddace. Ranar da kika ga fatar ƙasan haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk jan numfashi, ko numfashin ya yi sauri, ko ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, ko leɓensa ya yi shuɗi, kada ki rubuto mini ki zauna. Ki ɗauke shi ki tafi asibiti, ki rubuto mini a hanya."

Da ta ga fassarata tana jan lokaci, sai ta koma yi da jikinta. Ta sa yatsu a ƙasan haƙarƙarinta ta ja numfashi da ƙyar. Ta kaɗa hannu da ƙafa ta juya ido, wato jijjiga. Ta ɗauki wata riga da ba a goge ba ta sake ta a kan hannunta, ta nuna yadda jikin yaro yake saki in an tashe shi ya kasa farkawa sosai. Tela da ya leƙo ya ga likita tana haka, sai ya koma shagonsa. Likita ta ci gaba da lissafi.

"Haka in ya ƙi nono sam, ko duk abin da ya sha ya dawo, ko ya wuni bai jiƙa ƙyalle ba. Kuma yanzu da bai kai wata uku ba, zazzaɓi kaɗai ya isa a tafi."

Yaya ta dafa bayan wuyanta. "Da wuyansa in ya sanƙare."

Likita ta dube ta ta gyaɗa kai. "Da shi. Da ƙurajen da in kin danna su da kofin gilashi ba sa ɓacewa."

"To ke yaushe za a kira ki?"

"In ya ƙara girma, ya yi zazzaɓi amma yana sha, yana kallonki, yana fitsari. In kunne yake ja yana kuka. In gudawa ta fara amma yana karɓar ruwa. Waɗannan nawa ne, zan zo a ranar. Shaƙuwa kuma taku ce, ke da shi."

Daga nan saƙonnin suka ragu. Sau da yawa in na sauko nakan tarar ta jingine dutsen guga ta ɗaga rigar yaron tana kallo, shi kuwa yana ta harba ƙafa.

Yaron ya tashi ya zama abin da muke kira Ƙiriniya, sunan kuma ya bi shi. Yana wajen shekara uku aka yi abin da ya taɓa zuciyar Yaya. Da safe ne, wani tsohon malamin makaranta ya zo karɓar rigunansa, Ƙiriniya yana ƙarƙashin tebur yana wasa da maratayan kaya. Malam ya ƙwanƙwasa teburin don ta ɗago.

"Tun yaushe yaron nan yake wannan tarin?"

"Mura ce, Malam. Tun jiya."

"Ba irin tarin mura ba ne. Kamar haushin kare yake fita, ga muryarsa ta dishe."

Ta ga yana tari tun jiya, amma a idonta tari duk ɗaya ne. Ta jawo shi ta ɗaga riga. Ƙirjin yana tafiya daidai, leɓensa lafiya, ya sha shayinsa da safe, yana ma ƙoƙarin ƙwacewa ya koma wasa. Ta rubuta wa Likita abin da Malam ya faɗa. Likita ta ce ta naɗo mata tarin a waya. Haka ta riƙe waya a bakin yaron ta naɗi abin da ita ba za ta ji ba, ta tura.

Kafin rana ta take Likita ta iso. Ta ce hanyar iska ce ta ɗan kumbura a maƙogwaro, ta ba shi magani, ta zauna har ta ga ya sha. "Kin yi daidai, wannan nawa ne. Amma in ya fara ƙara lokacin jan numfashi alhali yana zaune ba kuka yake ba, ko yawu ya riƙa dalala ya kasa haɗiya, ya bar hannuna, sai asibiti."

"Ta yaya zan san yana ƙara?" in ji Yaya.

Likita ta matso kusa. Ta kama tafin hannun Yaya ta ɗora a maƙogwaron yaron, ta sa shi ya yi tari, sannan ta mayar da hannun bayansa. Ta ɗora shi kuma a bayana ni, ta ce in yi numfashi, don ta ji bambanci. Yaya ta ce tana jin wani abu kamar gurzawa a nasa, nawa kuma sumul. Likita ta ce hannu ba zai kama komai ba, in tana shakka ta kira duk mai kunnen da ke kusa, babu kunya a ciki.

Ranar Yaya ta ƙona kwalar riga, abin da ban taɓa gani ba. Ta yi kwanaki ba ta son hira. Da na matsa mata sai ta ce, "A ƙarƙashin teburina yake, Auta. Sai da mutumin waje ya zo." Bayan nan ta ɗauki wata ɗabi'a, kowace safiya sai ta dafa bayan yaro da tafin hannu kafin ta ba shi abin kari. In tela ya buɗe shago kuma takan tura masa yaron ya gaishe shi, daga baya ta leƙa ta tambaya, "Yaya ka ji muryarsa?"

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranar da ta hango Ƙiriniya a madubi leɓensa shuɗi fes. Ba ta tsaya ɗaga riga ba, ta saɓe shi ta tari mota, dutsen guga ma tela ne ya shiga ya kashe. A asibiti nas ta kalli yaron yana ta waige-waige, ta jiƙa auduga ta goga masa a baki, shuɗin ya biyo audugar. Ashe bular wanki ya samu a bayan ƙofa ya ɗanɗana. Suka duba shi, suka ɗan riƙe su, suka sallame su. Mai Gyara ya yi shekara yana tsokanarta, in ya ga mai shuɗiyar riga sai ya taɓa ta ya ce ko a tari mota. Da Likita ta ji labari ta yi dariya har da hawaye, amma ta ce, "Gobe ma in kin ga haka ki tafi. Goge baki ba ya ɗaukar musu lokaci. Bular dai a ɗora ta sama."

Haihuwarta ta biyu mace ce, muna kiranta Kumatu saboda kumatun. Tana wata goma ta kamu da mura da tari. Likita ta zo a farkon mako ta duba ta, ta ce mura ce, a ba ta nono sosai, a riƙa share mata hanci, a sa ido. "In numfashi ya canza, kun san abin yi."

Ranar hutun ƙarshen mako Iya, mahaifiyar Mai Gyara, ta zo dubiya. Bayan abincin rana muna zaune a falo, ni da ita da Mai Gyara, Kumatu tana kwance a kan katifa a gefe. Yaya tana ƙasa tana ƙarasa wasu kaya.

"Alhamdu lillahi, jiki ya yi sauƙi," in ji Iya. "Tun da na zo ban ji tarinta ba. Barci ma ta samu."

Haka muka ji mu ma. Kwanakin baya tarin ba ya barin kowa ya huta, ranar kuwa gidan shiru.

Yaya ta hawo, ta wanke hannu, ta ɗauki yarinyar za ta ba ta nono. Kumatu ta kama ta saki, ta sake kamawa ta saki, sai ta kwantar da kai. Yaya ta shimfiɗa ta a cinya ta ɗaga rigar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da muryar nan tata da ke cika ɗaki, "Ba barci ba ne. Gajiya ce."

"Haba 'yar nan, ki bar yarinya ta huta," in ji Iya. Sai ta tuna, ta matso ta fuskance ta ta maimaita.

"Iya, duba nan."

Iya ta sunkuya. Idonta ya yi rauni a lokacin. "Ni dai na ga numfashi take yi."

Mai Gyara ya durƙusa, ni ma na matso. Duk jan numfashi sai wani rami ya faɗa a ƙasan haƙarƙarin yarinyar, wani ƙarami kuma a gindin wuya, kuma da sauri, kamar wadda ta yi gudu. Hancin yana buɗewa yana rufewa. Idonta a buɗe yake rabi, amma ba ta kallon kowa. Da na kai kunnena kusa sai na ji wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi, wanda daga inda muke zaune ba ya kaiwa.

Yaya ta ɗauki bidiyon ƙirjin a waya ta tura wa Likita, ta miƙe ta shiga ɗaki. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara.

"Auta, ina can ɗaya ƙarshen gari, kada ku jira ni," in ji Likita. "Ku tafi sashen gaggawa na yara yanzu. Uwar ta riƙe ta a zaune a jikinta, kada a ɗura mata komai. In kun isa kada ku bi layi, ku ɗaga rigarta ku nuna wa nas ta farko da kuka gani. Zan kira su in ce kuna tafe."

Na juya zan gaya wa Yaya, sai na ga ba ta nan. Ta riga ta kai tsakiyar matakala da yarinyar a ƙirji da jaka a kafaɗa. Mai Gyara ya bi ta yana saka takalmi a hanya. Iya ta ce, "Ku je, ni zan zauna da yaron."

Motar hayar da ta fara tsayawa da mutane a ciki. Wata mata a baya ta kalli Yaya ta kalli yarinyar, ta sauka da kanta da kayan cefanenta, ta ce za ta jira wata. Hanya da cunkoso, direban yana ta hon yana kutsawa. Yaya ko sau ɗaya ba ta kalli titi ba. Hannunta ɗaya yana bayan Kumatu, idonta a kan leɓen yarinyar.

Muka yi yadda Likita ta ce. Nas ɗin da muka tara ta kalli ƙirjin, ta karɓe ta ta wuce da mu ciki. Aka maƙala mata wani abu a yatsan ƙafa mai nuna yawan iskar da ke jininta, aka sa mata robar iska a hanci, aka nemi jijiya. Likitan da ke aiki ranar ya saurari bayanta ya ce ciwon huhu ne, murar ce ta gangara ƙirji. Ya ce tarin bai ragu don sauƙi ba, ƙarfin yin sa ne ya ƙare mata.

Zaman asibitin ya yi wa Yaya wuya ta inda ban zata ba. Ma'aikatan duk da takunkumi a fuska, ba ta ganin bakin kowa. Sai su zo su yi magana su tafi, ita tana binsu da ido. In ina nan in mayar mata, in na je gida kuma sai ta miƙa musu waya su rubuta. Wata nas mai haƙuri takan ja da baya ta sauke takunkumin ta yi mata bayani a hankali. Na'urar da ke gefen gado tana ƙara in iska ta yi ƙasa, Yaya ba ta jin ƙarar, don haka ta juya kujerarta ta fuskanci lambobin. Kafin a yi nisa ta san wadda ake so a gani da wadda ba a so.

Kwanakin farko ta hanci ake ba Kumatu nonon da uwar ta tatsa. Sannu a hankali ramin ƙirjin ya riƙa cikewa. Wata safiya aka ce a gwada sa ta a nono. Ta kama, ba ta saki ba. Yaya ta ce, "Ta kama, Auta!" Duk ɗakin ya ji, har matar da ke gadon ƙarshe ta ce barka.

Iya takan zo da rana da ruwan zafi a fulas. Ba ta tayar da maganar ranar ba, Yaya ma haka. Sai ana gobe sallama ta ce a nuna mata hoton nan mai motsi da aka tura wa Likita. Ta kai wayar daf da fuskarta ta kalla, ta ce a mayar, ta sake kallo. "To, yanzu na gani," in ji ta. "Na goyi shida, ban taɓa sanin ana ɗaga riga a duba nan ba." Ta ce a tura wa ƙanwar Mai Gyara da ke da jariri.

Bayan an dawo gida Likita ta zo duba ta. Ta saurari ƙirji, ta ce a ƙarasa maganin ko da an ga ta warware. Tana haɗa jaka ta tambayi Yaya, "Da kika ga abin da kika gani, me ya sa kika tsaya ɗaukar bidiyo?"

"Ba amsarki nake jira ba," in ji Yaya. "Na tura ne don ki gaya musu, kada a tsaya gardama da ni a bakin ƙofa."

Mai Gyara ya ce shi dai bai yi gardama ba. Yaya ta ce ai ba ta ba shi lokaci ba ne.

Shekaru sun tafi. Ƙiriniya yana shagon ubansa bayan makaranta, ya fi uban saurin kwance abu, bai kai shi iya mayarwa ba. Kumatu ta zama doguwa siririya, kumatun sun tafi sun bar sunan. Likita gwiwa ta dame ta, ta daina hawa bene, in gidan sama ne sai ta turo wani matashin likita da suke aiki tare. Matan benen kan shigo ɗakin guga da yaro a hannu su ce Yaya ta duba. Takan jingine dutse ta ɗaga riga, ta tambaya ko yana sha, ko ya yi fitsari, sannan ta ce ko dai a kira likita yau, ko a tari mota yanzu. In ba ta gane ba takan ce ba ta gane ba, a kira. Sunan magani kuwa ba ya fita daga bakinta, ko an roƙe ta.

Bara ta fara matse ido in tana karanta saƙo, tana kai wayar nesa tana dawo da ita. Muka yi ta fama ta je a auna ta, tana cewa hasken ɗakin ne, Mai Gyara ya canza ƙwan fitila. Ya canza har sau biyu. Daga ƙarshe Kumatu ce ta raka ta, suka dawo da tabarau mai baƙin kewaye. Ta saka ta koma kan teburinta, ta ɗauki rigar da ta gama da safe ta ɗaga ta a haske. Ta juya ta gaba da baya, ta ga wuraren da dutse bai kwantar ba, ta sake shimfiɗa ta, ta yayyafa ruwa.

"Auta," ta ce, a zatonta a hankali, "ashe shekara guda ina cutar mutane, babu wanda ya gaya mini."

Tela ya amsa daga shagonsa cewa shi ya gani, tsoro ne ya hana shi faɗa. Na mayar mata. Ta ce ya kawo rigarsa gobe ya gani.